Na karɓi aikin katin Kirsimeti, tawada ta ƙi bushewa, Baba kuma bai sani ba

Salamu alaikum Hajiya. Ni budurwa ce mai shekara 24, ina gaban iyayena a Aboabo, nan Kumasi. Shekara biyu ke nan ina yin katin gayyatar suna da na biki da na barka da Sallah da hannu. Robar goge fensir nake sassaƙawa da reza ta zama hatimi, in dangwala a tawada in buga. Ba wani abin kirki nake samu ba, amma yana rufa min asiri.

Akwai wata mata 'yar Asante, Kirista, maƙwabciyar mahaifiyata a kasuwar Kejetia tun ba a haife ni ba. Anti nake ce mata. Lokacin da Mma ta kwanta ciwo wata huɗu, ita ta riƙe mata rumfa, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Makon jiya ta ce in yi wa ƙungiyar matan cocinsu katin Kirsimeti 150, tana so kafin 15 ga Disamba. Na ce to. Ban faɗi kuɗi ba, ita ma ba ta tambaya ba, da 'yan kuɗina na yi sayayya.

Don in burge ta na sayi kati mai sheƙi, mai tsada, na duka 150. Na sassaƙa kadojin nan biyu masu ciki ɗaya na adinkra, wato alamomin gargajiyar Asante, na buga da baƙar tawadar hatimin ofis, na zagaye da ja. Na yi arba'in. Yau kwana uku, duk wanda na taɓa sai ya shafe. Ina cikin wannan sai yayana, mai tuƙa Pragya, keken haya mai ƙafa uku, ya gan su a shanye a tabarma. Ya ce ina taya Kiristoci bikinsu, in ban daina ba zai gaya wa Baba. Tun ranar sai kowa ya yi barci nake taɓa aikin da fitilar waya. Saura mako uku. In mayar wa Anti aikinta ne? In ba haka ba, yaya zan yi da tawadar nan, kuma da wane baki zan tambayi kuɗi wurin matar da ta yi mana wannan halacci?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Ki fara yi wa Allah godiya da tawadar nan ta ƙi bushewa. Da ta bushe, da yanzu kin yi nisa, ki kammala 150 ki ɗaure a leda ki kai wa Anti baƙi da ja. Haba 'yar Kumasi! Asabar nawa kika ratsa unguwa kika tarar an tare titi da rumfuna, an jera kujerun roba, mata sun sha baƙin zane da ja? A wurin mutanen Asante, launukan nan biyu in suka haɗu, rasuwa suke sanarwa. Adinkra ɗin ma da kika ɗauko, da tufafin makoki aka fara saninsa, kafin ya bazu ya hau kujeru da bangon gidaje. Anti ba za ta ce miki uffan ba. Za ta karɓa hannu biyu, ta sa miki albarka, ta je ta tura su ƙarƙashin gado, ta sayo na kanti a ɓoye don kada ranki ya ɓaci.

Na san inda kika gano jan. Hotunan waya ne, inda katin Kirsimeti na Turai ke cike da ja, kuma can babu wanda zai gan shi ya tuna gawa. A nan ki raba shi da baƙi. Fari a wurin mutanen Anti farin ciki ne da nasara, shi ya sa mai jego ke fitowa da farin zane. Ruwan zinariya kuwa sarauta ce da wadata. Farar takarda, kore mai duhu, ɗan ɗigon ruwan zinariya, kin gama. In kin matsu da ja, ki sa shi ƙanƙani a gefen koren.

Yanzu ga tawadar. Na yi shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da zane da aikin hannu a firamare kafin in ajiye alli, kuma wannan kukan na sha jin sa. Hannunki bai yi laifi ba, aure kika ɗaura tsakanin waɗanda ba sa son juna. Tawadar hatimin ofis takarda ce ke shanye ta, iska ba ta yi mata komai. Da gangan ma aka haɗa ta yadda ba za ta ƙafe da wuri ba, don soson ya yi watanni a kan teburin akawu yana aiki. Kati mai sheƙi kuwa an shafe fuskarsa da wani siririn rufi da ya toshe duk ƙofar da ruwa zai bi ya shiga. Sai tawadar ta zauna a sama kamar raɓa a ganyen gwaza, tana jiran yatsan da zai kwashe ta. Kada ki shanya a rana, katin ne zai kantare. Mai ce miki ki barbaɗa hoda ma ki ƙyale shi, zanen dusashewa zai yi ya koma kamar an yi ɓarin gari.

Kuɗin katin bai tafi a banza ba. Ki mai da shi gangar jiki, bugun kuma ki yi shi a wata takarda daban ki manna a fuska. Ki nemi takarda marar sheƙi mai ɗan kauri, irin katin manila ko takardar zane ta 'yan makaranta, fara ko mai ruwan madara. Ko a Adum ne ko cikin Kejetia, kada ki tsaya ga bakin mai shago. Ki tafi da hatiminki da tawadarki a jaka, ki roƙi ɗan guntu, ki buga a gabansa, ki ƙirga sittin, ki murza da babban yatsa. In yatsan ya fito fes, sai ki zaro kuɗi.

In A4 kika raba biyu kika ninke, katinki ya zama A6, santimita 10.5 da 14.8, ambulan ɗinsa kuma C6 ake ce masa. Ki sayi ambulan kafin ki ƙara yanka komai. Na taɓa ganin wadda ta gama kati ɗari cif, ta zagaye gari ta rasa rigar da za ta shige su. Takardar fuskar ki yanka ta santimita 9 da 13, yadda farin katin zai leƙo ta kowane gefe kamar bakin zane. A4 ɗaya zai ba ki huɗu. Guda 38 sun isa a lissafi, amma ki sayi 45, don hannu ba inji ba ne. Daɗin wannan hanya shi ne in bugu ya karkace, ɗan yanki kika yi asara, katin yana nan.

Arba'in ɗin da suka ɓaci, ki sami auduga da sifirit na kemis ki goge tawadar, ki bari su sha iska, sannan ki rufe tabon da sabuwar fuskar. Farin gam na kafintoci ya isa, amma ki shafa shi siriri da ɗan kwali har baki-baki, kada ki tula a tsakiya, don takarda in ta sha ruwa kumbura take yi. Salatif mai manne gaba da baya ya fi tsabta in aljihu zai ɗauka. Ko wanne kika zaɓa, ki manna guda ɗaya ya kwana ƙarƙashin abu mai nauyi, da safe ki sa farce ki gwada ɓamɓarewa. Sannan ki buɗe katin ki rubuta sunanki a ciki da biro ki shafa. Wasu katunan gaba da baya suke da sheƙi, in naki haka yake, matan nan za su rubuta gaisuwa ta bi musu hannu. Sai ki manna 'yar farar takarda a cikin ma.

Kore da ruwan zinariya ba sai kin nemi soson tawada na musamman ba. Ki sayi fentin akirilik na masu zane, ki yanko soson katifa siriri ki ɗora a murfin roba, ki matsa fenti kaɗan, ɗigon ruwa ɗaya ko biyu, ki baza. Hatimin ki riƙa ɗan dandana shi a kai sau uku ko huɗu, kada ki nutsa shi. Akirilik cikin mintoci yake bushewa, in ya bushe kuma ruwa ba ya tayar da shi. Amma wannan saurin nasa shi ne sharrinsa, musamman yanzu da hunturu ke ƙofa. Yana bushewa a jikin hatimin ya cike ƙananan tsagogi, sai ki ga haƙoran kada sun ɓace, an bar miki ƙadangare. Ki ajiye kwanon ruwa da tsohon buroshin haƙori kusa, duk bugu goma ki wanke, ki tsane da tsumma, ki ci gaba. Soson kuma in za ki tashi ko salla ce, ki kife masa kwano.

Wani zai ce miki tunda adinkra ce, me zai hana ki je Ntonso ki sayo hatimi da tawada na asali. Ki je, amma don ganin ido. Garin yana kan hanyar Mampong, bai fi kilomita 20 da 'yan kai daga Kumasi ba, torotoro ɗaya ne, wato bas ɗin haya. Na taɓa kai 'yan ajina can. Muka tarar da ɓawon itacen da suke ce wa badie, wanda mu muke ce wa kirni, an jiƙa shi, ana kirɓawa a turmi, ga tukwane a kan wuta suna tafasa. Tacewa ake yi a sake dafawa har ya yi kauri ya yi baƙi kamar maɗi. Hatimin kuma sakaina ce mai kauri aka sassaƙa, aka soka mata 'yan tsinkaye a baya aka ɗaure kansu wuri ɗaya suka zama mariƙi. Na tsaya ina kallon wani dattijo. Ya tsoma, ya ɗan karkaɗe, ya ɗora a zanen da aka shimfiɗa kan katako mai laushi, sai ya juya wuyan hannu daga wannan gefe zuwa wancan ya ɗaga. Ko kallon inda zai sa na gaba ba ya yi, amma layin a miƙe. Sana'ar ta tsufa. Zanen adinkra da wani Bature mai suna Bowdich ya tafi da shi daga Kumasi a 1817 yana nan a gidan tarihin Birtaniya a Landan.

Na sayo hatimi uku da kwalbar tawada ina murna, na dawo na tara yara za mu yi kati. Tsakiyar zanen kaɗai ta fito, gefe fayau. Ƙwarya ai ba a shafe take ba, tana da ɗan doro, shi ya sa dattijon ke juya hannu, kuma zane yana karɓar wannan juyi, takarda ba ta karɓa. Tawadar ma ba ta jure ruwa, dalilin da ya sa ba a yawan wanke zanen adinkra na asali ke nan. Wani yaro ya riƙe nasa da hannu mai gumi, ya isa gida da baƙin tafi. Haka tawadar allo ta ƙaro da kika sani, don a wanke ta aka yi ta. A kan takarda, robarki ta fi su duka.

Sassaƙa kin riga kin iya, ba zan koya miki juya rubutu ba. Abu ɗaya dai: kalmomin gaisuwar kada ki sassaƙa su a roba. Siraran haruffa ba za su kai bugu 150 ba, tun a na sittin wata wutsiya za ta gutsure. Ki kai wa masu yin hatimi su yi miki. Kuma Anti ta rubuta kalmomin da hannunta ki kai musu takardar, don Twi, harshensu, na da haruffan da namu ba su da su, kuskure ɗaya kuma sau 150 zai maimaita kansa.

Aikin ki yi shi layi-layi. Yanka duka, bugun kore duka, a bari ya bushe, sannan ruwan zinariya duka, sannan rubutu, manne a ƙarshe. Ki manna kwali biyu a kan katako su yi kusurwa, duk takardar da za ki buga ki tura ta cikin kusurwar, ki yi alama inda hatimi zai sauka. Ki shimfiɗa jarida ninki huɗu a ƙasa, ki danna a tsaye da tafin hannu, ki ɗaga a tsaye. Wurin ninke katin, ki fara jan layi da rula da biron da tawadarsa ta ƙare, sai ya ninku ba tare da ya tsage ba. Shanya kuma a ɗaki, ƙofa a rufe. Ƙurar hunturu in ta sauka kan ɗanyen fenti, ta zauna ke nan.

Bugu uku a kowane kati, 450 ke nan. Mai hannu irin naki, safiya biyu ko uku ta gama. Kin ga mako uku sun ishe ki har da ragi, in da rana za ki yi. Da fitilar waya kuwa, kunne ɗaya na sauraren takun Baba, ko wata uku aka ba ki karkatattu za ki yi.

Saboda haka kafin ki sayi ko takarda ɗaya, ki je wurin Baba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kati 150 ba abin da za a ɓoye ba ne a gidan Zango, inda ko kifi kika soya sai maƙwabta sun san irinsa. Zai ji, ko daga yayanki ko daga wani. In kuma daga wani ya ji, ba zai tsaya kan katin ba, zai tsaya kan cewa 'yarsa na tashi tsakar dare tana abu a ɓoye a gidansa. Wannan ya fi wuyar wankewa.

Ki fara da Mma. Ita ta san abin da Anti ta yi mata, ita ta san lokacin da ake samun kan Baba. Ki haɗa kati ɗaya mai kyau a sabon launin, ku shiga tare bayan ya ci abinci, ki durƙusa ki miƙa masa ya riƙe da hannunsa. Ki faɗi komai: wa ta ba ki, guda nawa, ina za su, me aka rubuta. Ki ce kin yi kuskure da kika amsa ba ki shawarce shi ba. Kada ki ambaci yayanki ko da wasa.

Fatawa ta malamai ce, kuma sun saɓa a kan wannan. Akwai masu ganin Musulmi ya nisanci duk abin da ya shafi bikin wani addini, har gaisuwar. Akwai masu ganin gaisuwa da kyautata wa maƙwabci suna cikin abin da aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe wa ƙofa, matuƙar mutum bai furta abin da ya saɓa wa aƙidarsa ba. A ƙasar nan mun ga Babban Limami, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Christ the King a Akra ranar Ista ta 2019, daidai lokacin cikarsa shekara 100, ya zauna a matsayin baƙo mai ziyara. Wasu sun yaba, wasu sun yi suka, cikin Musulmin kansu. Yayanki bai ƙirƙiro damuwarsa ba, akwai malamai a bayansa, kamar yadda akwai a ɗaya gefen.

In ra'ayina kike so, ga inda ni nake tsayawa. Ba zan sassaƙa gicciye ba, ba kuma zan buga kalmar da ke faɗin abin da ban yi imani da shi ba. In Anti na son ayar Littafinsu, a bar cikin katin fili, matan su rubuta da hannunsu, zai ma fi yi wa mai karɓa daɗi. Amma tauraron adinkra da suke ce wa Nsoromma, ko ƙullin sulhu na Mpatapo, ko kadojinki, ban ga abin da zai hana ni barci ba. Gaisuwar da aka fi yi a Twi a wannan lokaci, Afehyia pa, fatan alheri ce ta zagayowar shekara, ana yin ta daga Kirsimeti har sabuwar shekara, amsarta kuma addu'a ce shekara ta je ta dawo ta same mu. Mma na amsa ta a kasuwa kowace Disamba, ki tambaye ta. Ƙidayar 2021 ta nuna cikin mutum goma a Ghana bakwai Kiristoci ne, biyu Musulmi. Telan Zango da ke kwana kan keke a Disamba, da mahaucin da ke fede akuyoyi, da mai waakye, wato shinkafa da wake, duk sun san kayan bikin wa suke yi. Kadojin da kika zaɓa ma, Funtunfunefu, kai biyu ne ciki ɗaya, suna faɗa kan abincin da wuri ɗaya zai tafi. In Baba ya tambayi ma'anarsu, ki faɗa masa haka kawai ki yi shiru, shi ma ya san rumfar wa ke jikin ta matarsa.

Wannan fahimtata ce, amma gidan na Baba ne. In ya ce a tambayi malaminsa, ki bi shi da katin a hannu, don malam ya yi hukunci kan abin da ya gani. In ya ce a'a, ki yi biyayya, kuma a cikin makon nan ki je wa Anti da gaskiya, kada ki ƙirƙiro ciwo ko tafiya. Ki ce mahaifinki bai amince ba. Matar da ta yi shekaru tana zaune da Mma ta san gidan Musulmi, za ta fahimta. Abin da ba za ta yafe da sauƙi ba shi ne ki zo mata da wannan ranar 14 ga wata, bayan ta yi wa mata alkawari. Ba a fafe gora ranar tafiya. In hakan ta faru, ki ba ta katin da ambulan a kan kuɗin da kika saya, ki nuna wa wata yarinyar gidanta yadda ake bugun.

Yayanki kuwa, na san abin da ke kan harshenki: shi da ke kwasar masu zuwa coci a Pragya duk Lahadi yana karɓar kuɗinsu. Ki haɗiye. In kika faɗa kin ci gardama, kin kuma sayi abokin gaba a cikin gida. Ki lura bai wuce kai tsaye wurin Baba ba, ke ya fara samu. Bayan kin fito daga ɗakin Baba, ki same shi ki ce, "Yaya, na ji maganarka, na je na gaya wa Baba da kaina." Shi ke nan, sandar da yake riƙe da ita ta zama kara.

Saura kuɗi, kuma nan ne kika ba ni dariya. Kina jin kunyar faɗa wa 'yar kasuwar Kejetia farashi? Matar da tun ba a haife ki ba take faɗin farashi daga safe har magariba? Ki duba da kyau, kuɗin nan ba daga ɗaurin zanenta zai fito ba, daga asusun ƙungiya ne, matan da ke tara kuɗi wata-wata. In kika yi kyauta, ba Anti kika yi wa ba, mutanen da ba su san sunanki ba kika yi wa. Ni a ganina ma da gangan ta kawo miki aikin, don kuɗin da za a kai kanti ya shigo gidan ƙawarta. Shirun da kika yi ya sa ta a tsaka mai wuya, don mai ajiyar kuɗinsu za ta tambaye ta nawa ne, ita kuma ba ta da amsa. Rashin tayi akan bar arha, ke kuma rashin faɗa zai sa ki bar duka.

Katin Kirsimeti tun farkonsa haja ne. Na farkon da aka buga don sayarwa, wani Henry Cole ne ya sa aka yi a Landan a 1843, guda dubu, aka shafa musu launi da hannu, aka sayar kowanne sule guda.

Ki zauna da takarda. Ki tara abin da kika kashe kan kati, takardar fuska, ambulan, fenti, gam, hatimin rubutu da kuɗin mota, ki raba gida 150. A ce ya kama sidi 4 kowane kati. Ki ɗora ladan hannunki, wanda a aikin hannu irin wannan bai kamata ya gaza kuɗin kayan ba, ya zama 8. Lambobin misali ne, naki lissafin zai faɗa miki gaskiya. Sifirit da tawadar da ta ɓaci kada ki sa a ciki, wannan kuɗin makarantarki ne. Ki leƙa kantin littattafai ki ga nawa ake sayar da na inji, don ki san inda kike tsaye, amma kada ki ji tsoron wuce shi kaɗan.

Sannan ki je rumfarta da rana, lokacin da kasuwa ta lafa, da katin gwajin a hannu. Ki gaishe ta yadda kika saba, ki nuna mata, ki bari ta juya shi ta faɗi abin da take so a canja. Sai ki ce, "Anti, na yi lissafi, kowane ɗaya da ambulansa zai kama kaza. In ƙungiya ta amince, a turo min rabi ta MoMo in ƙarasa sayayya, sauran in na kawo." Za ta taya, don jininta ne. Ki rage kaɗan ki tsaya.

Halaccinta kuma ki biya shi daban, yadda za ta gane shi. Ki yi mata guda goma na musamman, nata na kanta, da takarda mafi kyau, ki naɗe su daban ki ce, "Waɗannan ba na ƙungiya ba ne, daga ni da Mma ne." Su za ta tuna, ba ragin sidi biyu da zai narke a asusun mutane ba.

Ki sa wa kanki ranar 12 ga Disamba, kada ki jira 15. Ki sa mai hatimin ya yi miki wani ƙarami mai lambar wayarki, ki buga a bayan kowane kati can ƙasa, da fentin, tunda bayan mai sheƙi ne. Gida 150 za su shiga, kuma gidajen nan ana haihuwa, ana aure, ana rasuwa. Baƙar tawadar da jar ki rufe su da kyau ki ajiye. Ranar da ɗaya daga cikin matan ta kira ki tana neman katin godiya ga waɗanda suka zo mata makoki, za ki neme su, a kan takarda marar sheƙi. Cikin arba'in ɗin kuma ki bar guda ɗaya kada ki goge, ki aiko min, ina so in ga yadda kika fitar da haƙoran kadojin nan da reza.